Lambu a Cikin Kwalba

Bari in faɗa da bakina tun 'yan garinmu ba su riga ni ba. Ni ne mutumin nan da ya ba da mangala guda ta albasa ya karɓi kwalbar da babu komai a cikinta, ya kuma koro jaki tun daga Kalgo har Gwandu ɗauke da taɓo. Taɓo dai da kuka sani, wanda in ya fallatsa wa mutum a riga sai ya yi tsaki. Lokacin kuwa ba yaro nake ba, da gemuna, da matata, da lambuna. Karatu ne kawai ban yi nisa ba, don malaminmu ya sallame ni tun da wuri, ya ce allo ya huta shi ma ya huta. Amma kada a ɗora wa rashin karatu laifi. Ko da na sauke, da sai na yi abin da na yi.

Zamanin Nasara bai daɗe da zama Birnin Kabi ba, kuɗin wuri na fita, anini na shigowa. Sana'ata noman albasa da rani, da damina kuma gero kamar kowa. Matata 'yar Kalgo ce. Ubanta manomin shinkafa ne a fadamar gulbi, in ruwa ya ja baya kuma ya saɓa koma ya shiga kamun kifi. Dogon tsoho ne mai ƙarancin magana, in ya dube ka sai ka fara laluben laifin da ka yi.

Wata shekara da kaka na je gaishe shi, aka ce yana fadama, na bi shi can. Azahar ta same mu. Na tsuguna bakin wani ɗan kududdufi da ambaliya ta bari a baya, na ɗebo ruwa da tafin hannu zan kurkure baki, sai na ga wani abu na motsi a ciki. Ɗan kifi ne, bai kai rabin ɗan yatsa ba. Ruwan ya zurare, ya kwanta a gefensa, rana ta haske shi. Wallahi sai da na manta da alwalar. Jikinsa baƙi-baƙi, an yayyafa masa ɗigon shuɗi mai ƙyalli, irin ƙyallin rawanin da ya sha shuni ya sha bugu. Ni da na san kifi a miya kaɗai, ban san Allah na yi wa ɗan abu irin wannan ado ya ɓoye shi cikin taɓo ba.

Na matsa kusa da tsohon na durƙusa, kaina ƙasa kamar yadda ya kamaci suruki. Na ce, "Baba, wanga ɗan kifi fa, mi sunanshi?"

Ya leƙa tafina sau ɗaya. Ya ce, "Abin da ba ya shiga miya, wa za shi tsaya raɗa mai suna? Ta idon koma suke wucewa." Sai ya ɗaga ido ya dubi kaina. "Malfar ga taka ta yi kyau."

Na ce, "Taka ce, Baba."

Haka al'adarmu take. In babba ya yaba abinka, balle suruki, ba ka da wata amsa sai wannan. Yawancin manya kuma sun san nasu rabin: su ce a'a, riƙe abinka, Allah ya yi albarka. Surukina rabin farko kaɗai ya iske a duniya. Ya miƙo hannu, na cire malfa na ba shi da hannu biyu. Kafin nan ya yaba wani ragona, ya yaba wata wuƙata mai jan kube, duk suna Kalgo. Na dawo Gwandu rana na dukan ƙeyata, amma ko a jikina, don a kafaɗata akwai gora, a cikin gorar akwai 'yan kifin nan da na kakkama a kududdufin.

Ina isa gida na wanke sabuwar ƙwarya, na cika ta da ruwan rijiya garau, na juye su, na marmasa masu tuwo. Karramawa ce na yi masu iyakar sanina. Kafin hantsin washegari duk sun juya ciki sama.

Matata ta zo ta tsaya a kaina. Malam take ce mini, don kunya ba don karatu ba. Ta ce, "Malam, kai da za a ɗauke ka a aje tsakiyar fako, ba bango ba inuwa, a zuba maka dusa a ce ci, kwana nawa za ka yi?"

Na ce, "Ruwan fa mai tsabta ne, ko liman sai ya sha."

"Ai shi ya kashe su. Su ba liman ba ne."

Ta yi dariya har ta dafa bango. A bakin fadama ta girma, ta sha kama irinsu da gefen zane. Ita ta karantar da ni: suna son taɓon inda aka haife su, da ciyawar da za su ɓuya, da inuwa, kuma ba sa cin abin da ba ya motsi. Ta ƙara da cewa, "Ko sun rayu ma, mi za ka gani? Daga sama duk kifi baƙin zare ne."

Nan ta taɓa ni inda ke ciwo. Adon a gefe yake. Ƙwarya, kasko, randa, duk abin da muke da shi ta baki ake leƙa shi. Na yi rani guda ina jan jigo ina tunanin mazubin da ido zai ratsa cikinsa.

A kasuwar Jega na same shi, ran da na kai albasar farko. A rumfar wani Bayarabe mai kayan kanti, ga ta nan zaune: kwalba, amma ba irin ta turare ba. Ta kai tulu girma, bakinta hannu na shiga har gwiwa, fara tas, ana hango masu wucewa ta bayanta. Alewar Turawa ce a ciki, saura kaɗan a gindi. Na zagaya ta, na sake zagayawa.

Ya ce, "Alewa kake so, aboki?"

Na ce, "Gidan alewar nake so."

Ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ce to, na kwance mangalar da ke kan jakina na dire masa a gaba, albasa zaɓaɓɓiya, kowace kamar dunƙulen hannu. Ya dubi albasa, ya dube ni, ya sake duban albasa. Ban taɓa ganin mutum ya juye alewa cikin hularsa da sauri haka ba. Tsoro yake kada hankalina ya dawo kafin ya gama. Na tuɓe rigata na naɗe kwalbar, na kwantar da ita cikin ƙaiƙayi a kan jaki, na biyo baya daga ni sai wando, ina ce wa duk wanda ya matso, "Hattara! Hattara!"

A zaurena akwai 'yar taga ta gabas, haske na shiga da safe amma rana ba ta zama. Nan na gina dakali, na dasa gindin kwalbar cikin ɗanyar laka, don ina da akuya mai ƙaiƙayin ƙaho. Laka ta bushe ta riƙe ta gam. Ta zauna nan wayam har ruwa ya sauka, har fadama ta cika ta fara janyewa.

Sannan na koma Kalgo da jaki. Na gaida tsohon da wata hula a kaina wadda ko makaho ba zai yaba ba, na sulale fadama ta bayan gari. Na cika kwanduna da taɓo da yashin gulbi. Na tumɓuko ciyayin ruwa da saiwarsu na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma: wata mai gashi-gashi kamar wutsiyar kyanwa, wata mai siririn ganye, da 'yan kainuwa ƙanana. Na cika salka da ruwan wurin. Kifin kuma a gora, ina tsayawa a kowace inuwa in buɗe masu baki su sha iska.

A Dalijan wata tsohuwa ta tare ni. "Ɗan nan, mi kake ɗauke da shi yana ɗiga?" Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce magani ne. Ta ce na mi? Na ce na gwiwa. Ta kawo sakaina na ɗiba mata. Da shekara ta zagayo ta aiko mini da gyaɗa, wai gwiwa ta saki.

A gida, matata ta tsaya bakin ƙofar ciki tana ba da umarni, ni ina aiki, don mace ba ta zaman zaure. Taɓo a ƙasa. Yashi a kansa don ya danne shi, bayan na wanke har ruwan ya daina ja. Sai dashe. Nan kam na ce ta yi shiru, an zo fagena. Na sa hannu har gwiwa na jera ciyayin nan layi-layi, tazara daidai, yadda nake jera albasa a fangali. Na kafa wani babban tsingaro a tsakiya ya zama ɗaki. Ruwa kuwa ba kwara shi na yi ba, a bayan ludayi na riƙa tsiyayawa yana gangara ta jikin kwalba. Duk da haka, da na gama abin ya fito sak kunun kanwa.

Na ce, "Shi ke nan, albasata ta tafi a banza."

Ta ce, "Bar shi ya kwanta. Kada ka sa kifi sai ka hango bango ta cikinshi, sai kuma ciyawa ta fid da sabon ganye."

Kifin na jira a wani tsohon kasko a gindin randa, cikin ragowar ciyawa, ni kuma ina jira a zaure. Ruwan ya riƙa washewa daga sama zuwa ƙasa, kamar gari in hadari ya wuce. Ran da na hango tsagar bango ta cikinsa, na ga kuma ƙananan kumfa na fita daga ganye suna hawa ɗaya bayan ɗaya, na yi wata kururuwa har maƙwabta suka fito da sanduna, sun ɗauka maciji ne.

Na saki kifin, suka ɓace cikin ciyawa, na wuni ban ga ko wutsiya ba. Abincinsu kuwa, ruwa na ajiye a fasassun tukwane a bayan gida ya tsufa, 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil suka cika shi, in tace da tsumma in kawo. Sauro ya yi mana yawa a shekarar, matata ta ce ni na noma shi. Amma ran da na fara zubawa, sai ga wani babban namiji ya fito daga ɗakin tsingaro. Ya haɗiye ɗaya, ya haɗiye biyu, sannan ya hango wata mace a gindin ciyawa. Jama'a! Nan take ya rine, ya yi baƙi wuluk, shuɗin ya kama wuta. Ya baza fiffike, ya riƙa tafiya da gefe yana karkarwa, ya matsa, ya ja da baya, ya karkace kai, kamar ɗan dambe da aka kaɗa wa takensa. Ita kuwa ko kallo. Na faɗi a tabarma ina shure-shure don dariya, ina cewa, "Haka nan ni ma na yi a Kalgo, ɗan'uwa! Yi haƙuri, za ta waiwayo!"

Zaurena ya zama kasuwa. Tsofaffi su ce wucewa za su yi, su zauna har la'asar. Wani ya ce tsafi ne, ya tofa addu'a, ya matso ya ƙara kallo. Wanda ya fi kowa zuwa taubashina ne, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Ya leƙa ya ce, "Kainuwa dai dashen Allah anka sani. Kai wa ya ɗauke ka aiki? To, yaushe za a ci?"

"Ba a ci."

"Ana sayarwa?"

"A'a."

"Suna nono?" Ya juya ga jama'a. "Ku shaida, ɗan gwaggona ya fito da kiwon da ko Fulani ba su san shi ba."

Amma kullum shi ke riga kowa zama inda haske ya fi kyau.

Ana cikin haka, bayan an yanke shinkafa, saƙo ya zo daga Kalgo: tsohon na tafe, zai sayi karsana wurin Fulanin Maruda, zai yi 'yan kwanaki a Gwandu. Lomar da ke hannuna ta koma akushi. Matata ta ce, "Malam, in ya gani ya ce ta yi kyau fa?"

Na yi tunanin shigar da ita cikin gida, inda suruki ba ya taka ƙafa. Amma gindinta na cikin laka, kuma a ganina ko girgiza ta aka yi taɓo zai tashi, wahalata duka ta koma kunu. Na je wurin taubashina neman shawara, wanda wannan ma wauta ce mai zaman kanta. Ya ce, "Da sauƙi. Kura in ta ƙoshi ba ta bin akuya. Jera mai abin yabo tun daga ƙofa, kafin shi kai ga kwalba bakinshi ya gaji."

Haka na yi. Na shimfiɗa sabuwar tabarma mai launi, na fito da butar tagulla da na gada, na ɗaure farin zakarana a bakin ƙofa. Kwalbar kuma na kifa mata babban kwando na yafa tsohon gwado.

Suruki ba ya kwana gidan suruki, don haka gidan kawuna aka sauke shi. Da hantsi ya zo, taubashina na biye da shi yana ta ladabi kamar mutumin kirki. Na tuɓe takalmi na durƙusa daidai gaban kwandon, na baza babbar rigata hagu da dama kamar kazar da ke kwanci. Aka yi ina gajiya, ina iyali, yaya shinkafa. Ya taka tabarma bai yaba ba. Ya dubi buta ya kau da kai. Zakara ya yi cara.

Ya ce, "Zakaran ga ya yi kyau."

Na ce da sauri, har da murna, "Naka ne, Baba!" A raina na ce, tafi, Allah ya raka taki gona.

Ban motsa daga gaban kwandon ba. Sai taubashina ya yi gyaran murya. "Baba, an ko nuna maka sabon lambun? Wanda ba a ci, ba a sayarwa?"

Na yi masa wata harara, ya mayar mini da haƙora. Tsohon ya ce, "Tashi, yaro." Na tashi. Ya sa sanda ya ɗage kwandon.

Hasken taga na kanta daidai. Kainuwa ta sako saiwa fara-fara, babban namijin kuma, munafuki, ya zaɓi lokacin ya fito rawa. Tsohon ya tsuguna. Ya daɗe. Ni ina kallon leɓensa kamar mai jiran hukuncin alƙali. Leɓen ya motsa.

"Wa ya yi dashen ga?"

"Ni ne, Baba."

"Na gani. Albasa ka dasa." Ya naɗe hannun riga. "A fadama ka taɓa ganin ciyawa ta yi sahu? Ƙaramin kifi duhu shika so a baya, fili a gaba. Kuma maza sun yi yawa, shi ya sa wancan wutsiyarshi ta yage."

Ya tura hannu cikin kwalbata, na runtse ido. Amma hannun nan da ya tsufa yana lalube cikin taɓo ko ƙura bai tayar ba. Ya tattara dogayen ciyayi a baya suka yi kurmi, ya bar gajeru a gaba, ya juya bakin tsingaro wajen inuwa, ya rage kainuwa. Ya sa ludayi ya fid da maza biyu ya ce a mayar kasko. Washegari ya zo da 'yan katantanwa cikin ganye, ya ce su za su share koren da ke kama jikin kwalba.

Cinikin karsana ya ja, don Bafulatani ba ya rabuwa da saniya sai ya yi shawara da kowa har da saniyar. Kullum da hantsi tsohon na zaurena, tsugune gaban kwalba, ni ina rakuɓe a gefe. Abin ya ninka kyau, kifin sun daina ɓuya, har muka ga 'ya'ya, kowane kamar silin gashi mai ido biyu. Amma bai yaba ba. Ya ce ruwa ya ragu, a ƙara wanda ya kwana. Ya ce abinci ya yi yawa. Wani lokaci in ga murmushi ya taso masa, sai ya jefa goro a baki ya danne shi.

Da farko hamdala nake. Duk safiyar da ta wuce bai yaba ba, in shiga cikin gida in taka rawa, matata na cewa in yi a hankali kada a ji. Daga baya wani abu ya fara cina. Duk Gwandu ta yaba kwalbar nan, har wanda ya ce tsafi ce. Mutum ɗaya da ya san ruwa, ya san kifi, wanda yabonsa ya fi na gari duka nauyi, shi ne ya yi gum. Har ta kai in ya buɗe baki, ban san abin da nake roƙon Allah ba, ya faɗa ko kada ya faɗa.

Ran tafiya ya zo sallama. Karsana na turke a waje, zakara na cikin akurki. Ya yi wa kwalba kallon ƙarshe, ya yi mana addu'a, ya juya. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita daga zaure. Na tsira. Wallahi na tsira, taubashina shaida ne, har ya ɗaga mini gira. Sai na ji wata murya, kuma tawa ce, tana cewa:

"Baba, ashe dai abin bai yi kyau ba?"

Ya tsaya. Ya mayar da ƙafar ciki. Ya dube ni kamar mai jin tausayi. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji matata ta yi salati a hankali.

Ya ce, "Ya yi kyau. Tun da nike ban ga abin da ya kai shi kyau ba."

Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko ran aurena. Ya kai tsawon kurɓin ruwa guda. Sannan kowa ya zuba mini ido, don kowa ya san abin da ke biye. Na nemi muryata na same ta can ƙasa, siririya kamar ta ɗan akuya.

"Naka ne, Baba."

"Na gode. Allah shi yi albarka."

Dabara ɗaya ta rage mini. Na ce, "Sai dai, Baba, ba ta ɗaukuwa. Gindinta na cikin laka, in anka motsa ta..." Ya zaro wuƙa, wuƙar nan tawa mai jan kube, ya zagaye lakar ta saki. Ya kwashe kifi a gora, ya tsiyaye ruwa a salka ya bar wanda ya rufe saiwa, ya danne ciyawa da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce a kawo ƙaiƙayi. Kafin rana ta take tsaka an gama. Karsana ba ta ɗaukar kaya, don haka jakina ya ɗauka, ni na kora. Taubashina ya raka mu har bayan gari, dariya ta hana shi tafiya, yana zama yana tashi.

Na koma Jega neman wata, Bayaraben ya tashi, ban kuma sake ganin irinta ba. Tsohon ya gina wa tasa dakali a zaurensa. Ni kuwa na zama surukin da ba a taɓa gani ba a Kalgo. Da can shekara-shekara nake zuwa gaisuwa, yanzu wata ba ya mutuwa ban je ba. Har aka riƙa yi wa samari misali da ni: ku dubi mutumin Gwandu, ga ladabi, ga zumunci, in ya zo ko gari ba ya shiga, yana zauren surukinsa tun safe. Matata in ta ji sai ta toshe baki da mayafi.

Wata rana ina tsugune can, jikokin babban namijin nan na rawa, sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce ai al'ada hanya ce, mai zuwa na binta, mai dawowa na binta. Na gyara murya na ce, "Kai, Baba, kwalbar ga taka ta yi kyau." Na ƙara, "Ta yi kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin mai kyanta ba." Na jira. Na san sarai yabon ƙarami ba ya ɗauko kayan babba, amma mai nema ba ya fid da rai.

Ya gutsuri goro ya tauna, idonsa na kan kifi. Sannan ya ce:

"Yaro, ni na ga kwandon, na ga rigar da ka baza, na kame bakina har na sa ƙafa waje. Kai mi ya hana ka kame naka?"